Tsare Sirrin Saƙo a Cikin Iska

Duk saƙon da wayar salula ta aika yana bazuwa ne cikin iska ta kowace fuska, kuma duk mai eriya a kusa yana iya kama shi. Maganin da aka saba da shi shi ne a murɗe saƙon da lissafi, tamkar zaurance, ta yadda sai mai mabuɗi kaɗai zai fahimta. Amma mai satar ji yana iya adana saƙon, ya jira ranar da zai sami kwamfutar da za ta karya mabuɗin. Wannan ne ya sa masana suka nemi kafa tsaro a jikin igiyar rediyon kanta.

Tushen wannan ilmi shi ne binciken Aaron Wyner na ɗakin binciken Bell a Amurka, a shekarar 1975. Kowace hanyar sadarwa tana da hayaniyar da ke gurɓata saƙo. Wyner ya tabbatar da cewa idan hayaniyar da ke isa ga mai satar ji ta fi wadda ke isa ga mai saƙo, to ana iya tsara saƙon ta yadda mai shi zai karɓe shi sarai, shi kuwa ɓarawo ya tashi da hayaniya zalla, ba tare da an yi amfani da mabuɗi ba. Misalinsa kamar raɗa ce a tsakiyar kasuwa: na kusa ya ji, na nesa sai surutun jama'a.

To, yaya ake haifar da wannan bambanci? Hanya ta farko ita ce a haɗa eriyoyi masu yawa su tattara ƙarfin igiyar zuwa wuri guda, kamar hasken tocila, kamar yadda tashoshin 5G ke yi. Ta biyu kuwa, wadda Negi da Goel suka gabatar a 2005, ita ce a watsa hayaniya da gangan ta sauran fuskoki, a keɓe inda mai saƙo yake.

Sai dai a lura: idan ɓarawo ya fi mai saƙo kyakkyawan matsayi, ko ya fi tashar yawan eriyoyi, wannan kariya tana raunana. Saboda haka masana ke ɗaukar ta a matsayin ƙarin katanga bayan mabuɗin lissafi.