Darasi: Ma'aikatan Ikkilisiyar Metodis

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 6:1-7.

Sau da dama mukan ɗora wa fasto dukan kayan ikkilisiya shi kaɗai. Bari mu duba yadda 'yan'uwanmu na Metodis suka raba aikin nan, bisa ga tsarin da John Wesley na Ingila ya bar musu.

Fasto ɗaya yakan riƙe ikkilisiyoyi da yawa. Yana kewaya su, yana yin baftisma, yana ba da Jibin Ubangiji. Ran Lahadin da ba ya nan, sai mai wa'azi na gari ya tsaya. Shi ba fasto ba ne. Manomi ne, ko malamin makaranta, wanda aka koya masa, aka gwada shi. Ba shi da albashi.

Akwai wakili kuma, mai lura da baiko da bukatun fasto.

Sa'an nan ga shugaban aji. A garin Biristol a 1742 aka raba jama'a aji aji, wajen mutum 12 a kowane, domin a tara kwabo kwabo kowane mako a biya bashin ɗakin sujada. Da shugabannin suka shiga bi gida gida, sai suka iske marasa lafiya da masu ja da baya. Mai karɓar kwabo ya zama makiyayi ke nan.

To, mu fa? Idan ɗan'uwa ya yi Lahadi uku bai zo ba, wa zai sani? Wa zai je gidansa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.