Mai buƙatar gaske ba ta shiga layi

'Yata, Babanki ya gaya mini ƙungiyar matan da kike ciki ta ɗora miki zagayen ƙauyukan Ɗambatta, ke ce mai rubuta sunayen marayu da matan da mazansu suka rasu, ke ce kuma mai raka kayan tallafi. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa a mizani. Ke dai tashin birni ce, sai da Sallah ake kawo ki gida, shi ya sa na ce bari goggonki ta faɗa miki abin da idonta ya gani a ƙasar nan.

Ranar rabo za ki tarar an cika ƙofar gidan mai unguwa, mata da goyo, yara da kwanuka, kowa na kiran a rubuta shi. Ki ba su, da yawansu mabuƙata ne. Amma wadda ta fi kowa buƙata tana can ƙuryar ɗakinta. Ko dai tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ko matar kulle ce, miji ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, aike ya yanke. Ko kuwa tsohuwa ce da a da gidanta ake cin tuwon unguwa, yau kunya ba za ta bar ta ta tsaya layi ɗaya da jikokin waɗanda ta ciyar ba. Irin wannan gidan, idan kika yi sallama kika tambayi lafiya, amsar ɗaya ce: alhamdu lillahi, sai godiya. Za a shimfiɗa miki tabarma, a kawo miki ruwa a kwanon sha mai murfi, ki tashi ki tafi ba ki san rabonsu da ɗora tukunya kwana biyu ba.

To ta yaya za ki gane su? Ki fara ta inda aka saba farawa. Ƙasar Ɗambatta ƙasar Sarkin Bai ce, ƙarƙashinsa dagatai, ƙarƙashinsu masu unguwanni, kuma baƙo ba ya tsallake su. Ki je ki gaida mai unguwa da liman, ki faɗi wadda ta aiko ki da abin da ya kawo ki, ki karɓi sunayen da suka ba ki da hannu biyu. Kada ki raina takardarsu, kada kuma ki ɗauka ta ƙare magana. Mai unguwa mutum ne, yana da surukai, yana da waɗanda ba zai iya kallon idonsu ya ce babu ba. Bayan kin fito daga zaurensa, ki nemi ungozoma, ki nemi tsohuwar da ke wankan gawar mata. Ki tsaya wurin mai injin niƙa ki yi hira, don shi ya san ƙwaryar gidan da ta daina zuwa, da gidan da a da ake kawo tiya biyu yanzu sai rabin tiya. Mai fura ma ta san wadda ta bar aiko yaro da kuɗi. Ba za su faɗa miki ranar farko ba, sai sun ga kin dawo, kin kuma dawo, kuma maganar da aka yi da ke ba ta fita ba.

Idan kin gano gidan, kada ki shiga da buhu a kan ɗan dako yara na biye da ku. Ki ba tsohuwar da kika yarda da ita, ta kai bayan magariba a rufe cikin ƙwarya, ta ce saƙo ne daga 'yan'uwa. Mai takaba kuwa ki je mata a matsayin mai ta'aziyya, ki ajiye abin da kika kawo a gefen gado ba tare da kin ambace shi ba.

Na san za ki ce masu ba da kuɗin suna son ganin hoto. Suna da gaskiyarsu, an cuci mutane da yawa da sunan marayu. Ki ɗauki hoton buhunan, ki ɗauki rasit, ki kira ɗaya daga cikinsu ya zo ya gani da idonsa. Fuskar matar mutane dai ki bar mata abinta. Yanzu babu ƙauyen da waya ba ta kai ba, hoton da kika sa a Facebook da safe, kafin la'asar ya iso hannun kishiyarta ko dangin mijin 'yarta. Tiya biyar ta gero mako guda ce, gorin kuwa har jikoki sai sun ji shi.

Aikin nan da kike ganin sabo ne, mata sun daɗe suna yin sa a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Jaji ta jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata su tako da ƙafa har wurin Nana, su ɗauki karatu a waƙe, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Tare da karatun suna duba marar lafiya, suna wankan gawa, suna taimakon wanda ƙarfinsa ya ƙare. Abin da nake so ki lura da shi, jaji 'yar garin ce. Ba a turo ta daga Sakkwato ba, kowa ya san gidan ubanta. Ko ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama amirarta ta farko, inda ta yi ƙarfi za ki ga matan wurin ne suka riƙe ta. Don haka a Fagwalawa, ko Gwarabjawa, ko Ajumawa, ko Sansan, ki nemi jajinki. Ke mai zuwa ce ki tafi, ita ce za ta kwana da su.

Za ki ci karo da tambaya: wa ya aiko ku? Me za a yi da sunayenmu? Kada ranki ya ɓaci, kada ki kira shi jahilci. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003, sai a 2004 aka dawo da shi, kuma sai da sarakuna da malamai da matan unguwa suka shiga gida-gida shekara da shekaru kafin a tabbatar asalin ƙwayar cutar ta bar Najeriya a 2020. Ki amsa kowace tambaya a fili. Abin da ba ki da iko a kai, kada ki yi alkawarinsa. Mutumin ƙauye yana yafe wa wanda ya ce babu, wanda ya ce gobe bai dawo ba ne ba ya mantawa.

Kada kuma ki tambayi mai jin yunwa masallacin da mijinta ke sallah. 'Yar Izala ce, 'yar ɗariƙa ce, ba aikinki ba ne. In kin tarar da maƙwabciyar da ba Musulma ba tana cikin wahala, sadakar ganin dama ta halatta gare ta. Wa'azi yana da lokacinsa, amma in kika haɗa shi da mudun hatsi, za a saurare ki don mudun.

Zakka dabam ce. Suratu Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin ta, ba ki da ikon ƙarawa. Ki ware mata shafinta a littafi, sadaka nata shafin, kuɗin mota da na ɗan acaɓa nasu shafin. Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusunki tare da naki, ko da da niyyar aro ne zuwa jibi. Duk abin da ya fita, mutum biyu su shaida. Ba don ina zarginki ba, 'yata. Ranar da baki zai buɗe, littafin ne zai yi magana a madadinki.

Ki roƙi ma'aikaciyar asibiti ta koya miki awon tamowa, ba ya ɗaukar rabin sa'a. Ɗan zaren awo ne mai launi uku, ana zagaya shi a tsakiyar dantsen yaron da ya kai wata 6 bai cika shekara 5 ba. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan ba na kunu ba ne, na asibiti ne a ranar. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku ki ɗaga. In rami ya zauna, kumburin yunwa ne, ko da uwar tana murna ɗanta ya yi ƙiba. Idan a asibitin an ba shi madarar gyaɗar nan ta cikin leda, ki zauna ki lallashi uwar cewa magani ne na shi kaɗai. Za ta so ta lasa wa yayyensa, wace uwa ce ba za ta so ba? Shi ya sa in da hali ki haɗa gidan da ɗan hatsi, don ledar ta tsira.

Maganar tafiya kuwa, kada ki fita ke kaɗai, ki tafi da dattijuwa. Ki riƙe ɗan acaɓa ɗaya da aka san gidansu. Kin sauka daga kwaltar Kano zuwa Daura, sauran rairayi ne da burtali, da damina kuma ruwa na iya raba ki da gida, don haka la'asar ta same ki a hanyar dawowa. Lahadi kasuwar Ɗambatta ke ci, ba za ki sami mai unguwa a gida ba. Safiyar da aka kwana da ruwa kowa na gona. Ki sa hijabin da ba za ki ji ƙyashin zama da shi a ƙasa ba, in an ba ki fura ki sha. Ki kuma bar wa kanki ranar hutu, mahaifiyarki ma tana da haƙƙi a kanki.

Sai babbar magana, wadda nake so ki kai wa amirarku. Masu hannu da shuni da azumi suke bayarwa, Allah Ya saka musu. Amma azumi yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, na 2025 a watan Maris ya kama, lokacin rumbu da sauran dammuna. Yunwar manomi kuwa ba ta matsawa. Tana zuwa ne a Yuli da Agusta, rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, farashi ya hau, sauro ya kwantar da yara. Lokacin ne magidanci ke barin gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago gonar wani don a sami na tuwon dare, mata na kwaɗa tafasa da rama da ƙuli-ƙuli. Gonar da ba a nome ba ita ce yunwar baɗi. Ku roƙi masu bayarwa izini ku riƙe wani kaso na sadakar, ban da zakkar fidda kai da ke da ranarta. Da kaka, gero da dawa da wake sun yi araha, ku saya a nan kasuwar Ɗambatta ko a Dawanau. Waken ku zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda dabam, ba ya buƙatar maganin ƙwari. Ku jera buhunan a kan katako, nesa da bango. Ɗakin baya na gidan kakanki babu kowa a ciki, rufinsa ba ya yoyo, na riga na yi wa baffanki magana. Ku sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun amira, ɗaya a hannun liman.