DARASIN YAU: Kiwon tsaka mai ɗigon damisa, akwai kuɗi a ciki ko babu?



Makon jiya wani ƙanina daga Kudan ya turo min bidiyon wata Baturiya tana wasa da tsaka a tafin hannunta. Ya ce: "Yaya, an ce a waje tsada gare ta. Kuɗin kajin da na tara, ko in juya su nan?" Na ce masa ya dakata tukuna, mu yi lissafi.

WACE IRIN TSAKA CE?

Ba irin ta bangon ɗakinmu ba ce. Asalinta busassun wurare masu duwatsu na Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. Rawaya ce mai ɗigo-ɗigon baƙi, tsawonta santimita 20 zuwa 25. Tana ƙifta ido, ba ta iya hawa bango mai santsi, kuma a wutsiya take tara kitse. Idan ta samu kulawa takan yi shekara 15 zuwa 20.

YADDA AKE KIWONTA

1. Muhalli: akwatin gilashi, gefe ɗaya da ɗumi kamar digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen da ɗan sanyi, da wurin ɓuya. Maza biyu ba sa zama tare, faɗa za su yi.

2. Abinci: ƙwari masu rai kawai, irin su gyare da tsutsa. Ana barbaɗa musu garin kalsiyam kafin a ba ta, in ba haka ba ƙashinta ya yi laushi. Mai kajin ƙwai ya san wannan matsalar, ita ce ke kawo ƙwai mai laushin ɓawo.

3. Haihuwa: ƙwai biyu take yi a lokaci guda, kuma zafi ne ke yanke jinsin 'ya'yan. Wajen digiri 26 zuwa 27 yawanci mata, wajen 31 zuwa 32 yawanci maza. Ban da kaza fa! Ita digiri 37.5 ne, kwana 21, kuma zafin inji ba ya mayar da zakara kaza. Kada wani ya yaudare ku da wannan.

TO, INA RIBAR?

Kazar ƙwai mai kyau takan ba ka ƙwai wajen 280 a shekara, kuma kafin ka kai kiret bakin titi an saye. Tsakar nan da wuya ta wuce ƙwai 20 a shekara. Ko ta ƙyanƙyashe duka, wa za ka sayar wa? Ka kai ta kasuwar Makarfi inda ake lodin rake, ka ga ko akwai mai tayawa. Mutanenmu ƙyamar tsaka suke, ganinta sai a ɗauko takalmi. Masu sayenta suna Amurka da Turai, kuma a can suke hayayyafa abarsu. Ga kuma ƙwayar cutar salmonela da dangin ƙadangare ke ɗauke da ita, hatsari ce ga yara da kaji. Gaskiya ɗaya ce: a yankinmu wannan ba sana'a ba ce.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ƙwarin da ake ciyar da ita. A can akwai gonakin da ba abin da suke kiwo sai gyare da tsutsa. Mu kuwa abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kaji da tarwaɗa. Tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja, idan ta bushe, kusan kashi 40 cikin ɗari na jikinta furotin ne. Abincinta kuwa a ƙasa yake zube, ruɓaɓɓen tumatirin da ake zubarwa a Ikara da Kudan lokacin kakarsa.

Ga yadda nake yi:
- Samu roba mai faɗi, ka huda ƙasanta.
- Cakuɗa dusa da tumatirin, da danshi kawai, kada ya yi ruwa.
- Rataya guntun kwali a sama, a ramukansa ƙudan ke zuba ƙwai.
- Ajiye a inuwa, nesa da ɗakin kaji, inda ɓera da tururuwa ba sa kaiwa.
- Kamar mako biyu bayan ƙyanƙyasa sai ka tace, ka wanke, ka ba su.

Gwajina na farko wallahi asara na yi. Tumatir ya yi yawa, abin ya zama kunu, ya yi wari, tsutsar ta gudu. Sai da na ƙara dusa sannan ya daidaita. Ku kula kuma, abin da tsutsa ta ci shi kazarka za ta ci, don haka ban da mushe, ban da kayan da aka yi wa feshi. Sannan ƙari ce a kan abinci, ba madadinsa ba.

Ƙanin nawa dai na ce ya sayi 'yan tsakinsa kamar yadda ya yi niyya, ya ƙara da roba ɗaya da mudun dusa. Kai ma kafin ka sa kuɗi a kowane kiwo, fara sanin mai sayensa.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.