Yadda Ake Kafa Wurin Cajin Waya a Gida da Kuɗi Kaɗan

Wurin caji na gida lungu ne da ake keɓewa a ɗaki ko a rumfa, inda wayoyin salula da tocila da rediyon mutanen gida suke shan wuta a waje guda. Abubuwa uku ne suke haɗa shi: inda wutar take fitowa, ko layin kamfanin wuta na NIGELEC ko hasken rana, batirin da zai riƙe ta har lokacin da ake bukata, sai caja da igiyar da suke kai ta cikin waya. Yawancin kuɗin da ake asara a wannan harka yana tafiya ne wajen sayen kayan da suka fi ƙarfin bukatar gida, ko kuma kayan arha da suke kashe wayar da aka saye su dominta.

Wutar da Maraɗi take sha, mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, ta babban layi mai bolt 132,000 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wannan wuta a farkon Agusta bisa takunkumin CEDEAO, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. A cikin watannin nan unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo da Bagalam sun san rabon wuta da awa. Ko ba takunkumi, a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 kowa ya kunna fanka da firji, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. A Tibiri da Jiratawa layi ya shiga gari, amma gidaje da yawa a ƙauyukan kewaye da bukkokin garake ba su da kwanta, wato mitar wuta. Ga shi kuma waya ta zama kayan aiki: da ita mai zogale a Jiratawa yake jin farashin kasuwar Maraɗi kafin ya ɗora buhu a kan babur, da ita ake samun labarin kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko ta Nita ko Amana.

Wanda ba shi da wuta yakan kai wayarsa wurin masu caji, kuma sana'arsu halal ce, ta rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai a yi lissafi. Idan ana biyan dala ashirin a kan babbar waya kullum, gida mai irin wayar nan uku yana fitar da jika tara a wata, jika 108 a shekara. Ban da kuɗi, waya takan wuni a hannun wani da saƙonninta da hotunanta, matar aure kuma sai ta nemi yaron da za ta aika, ta jira har ya ga damar dawowa.

Kafin a sayi ko da igiya ɗaya, wajibi ne mai gida ya san wutar da kayansa suke ci a rana. Ma'aunin shi ne wat-awa, wato wutar wat ɗaya da aka sha tsawon awa ɗaya. Babbar waya irin Tecno ko Infinix da aka rubuta 5000 mAh a batirinta tana ɗaukar kamar wat-awa 19, in an haɗa da abin da yake ɓacewa a caja da igiya a ce 25. Ƙaramar waya mai madanni tana bukatar kamar 5, tocila ko ƙaramin rediyo kamar 10. Saboda haka gida mai manyan wayoyi uku, ƙanana huɗu, tocila biyu da rediyo ɗaya yana cin wat-awa 125 a rana, abin da bai kai kilowat-awa 4 ba a wata. Fankar sama guda ɗaya tana cinye haka a cikin awa biyu. Wannan lissafi shi ne zai hana a sayar wa mutum janareto alhali panon hasken rana ɗaya ya ishe shi.

Gidan da yake da kwanta bukatarsa kaɗan ce: ralon mai kyau, wato igiyar ƙari mai ramuka da yawa, caja masu kyau, da ma'ajin wuta na hannu. A nan akwai matsalar da garuruwan bakin iyaka suka fi kowa sani. Firis ɗin bango, wato ramin da ake jona kaya, a Nijar na tsarin Faransa ne, mai ramuka zagayayyu, wutar kuma bolt 220. Kayan da suke shigowa daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa kuwa, da yawansu masu ƙafa uku ne masu faɗi irin na Ingila. Daga nan ake samun cusa caja da ƙarfi, ko a tsirara waya a tura cikin rami a tokare da tsinken ashana. Haɗin da bai kama sosai ba yana tartsatsi, ya yi zafi, roba ta narke, kuma gobara da yawa daga nan suke tashi. Maganin shi ne ralon da ramukansa suke karɓar iri biyun, mai maɓallin kashewa, mai igiya mai kauri. A kafe shi a jikin katako ko bango, sama da inda hannun yaro mai rarrafe zai kai. Ba a jona ralon a kan ralon, ba a kuma haɗa dutsen guga ko abin dafa ruwa a ralon ɗin wayoyi.

Caja ita ce wurin da bai kamata a yi rowa ba, domin araha ba ta ado. Aikinta ta sauke bolt 220 zuwa bolt 5. Ta jabu, ba a raba ɓangaren babbar wuta da na ƙaramar wuta yadda ya kamata a cikinta ba, don haka tana iya ƙone waya, tana iya jan mai riƙe da ita. Alamominta sanannu ne: ba ta da nauyi, tana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, tana ƙara kamar kukan sauro, fuskar waya kuma takan riƙa danna kanta in ana caji. A duba jikinta. Idan an rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240, raunin wutar yamma ba zai dame ta ba, ba sai an sayi na'urar daidaita wuta ba. Abin da take tsoro shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Saboda haka da zarar wuta ta tafi a kashe maɓallin ralon, in ta dawo a ba ta ƴan mintoci ta zauna. Haka nan in hadari ya taso da tsawa a damina, a zare komai daga bango.

Ma'ajin wuta na hannu mai 20,000 mAh yana riƙe kamar wat-awa 74, amma abin da yake isa cikin waya bai wuce kashi biyu cikin uku ba, wato ya cika babbar waya sau biyu da ɗan ƙari. Na gaskiya mai wannan girma ba ya kasa giram 300. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi sabulun wanka nauyi ba, rubutun ne kawai.

Gidan da ba shi da kwanta, ko wanda ya gaji da jira, rana ce mafitarsa, kuma ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 kuma Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, hukumar binciken makamashin rana, shekaru masu yawa tun kafin a san wayar salula. A 2018 aka buɗe tashar rana ta Malbaza mai megawat 7, a 2023 kuma ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara aiki. Abin da gida yake bukata ƙaramin samfurin wannan ne: pano, regilata, batir, da fis.

Ga gidan da aka yi lissafinsa a sama, pano mai wat 50 ya isa. A yankin Maraɗi ana iya ƙiyasta awa biyar na cikakkiyar rana, in an cire abin da zafi da ƙura da igiya suke ci sai a samu kamar wat-awa 175 a wuni. Batir mai bolt 12 da 40 Ah yana riƙe wat-awa 480, amma rabinsa kawai ake sha, domin batirin dalma da ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Rabin nan, wato 240, ya ɗauki gidan kusan kwana biyu in gari ya yi hazo. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa a ɗan lokaci ya tayar da inji. In aka mai da shi na caji zai yi aiki, amma kwanansa kaɗan. Batirin sola na jel ya fi, na litiyom kuma ya fi duka daɗewa ga wanda aljihunsa ya kai. Regilata mai amfiya 10 ita ce mai gadin batir: tana yanke wutar pano in ya cika, tana yanke wayoyi in ya yi ƙasa. Masu jona pano kai tsaye da batir don su tsira da kuɗin regilata sukan biya kuɗin sabon batir kafin shekara ta zagayo.

A wurin saye, ido da hannu suna kama jabu. Pano mai kyau yana ba da wat 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, don haka na wat 50 yakan kai kamar santimita 60 a tsawo da 55 a faɗi. Wanda bai kai haka ba kuma an liƙa masa wat 100, a ajiye shi. Batirin dalma mai 40 Ah yana kai kilo 12 zuwa 14. A sa mai shago ya auna shi da mita a gaban mai saye: cikakke yana nuna kusan bolt 12.7. Manoman Jiratawa da na fadamar Gulbi masu famfon rana su lura cewa manyan panon ban ruwa suna fitar da bolt 30 zuwa 40 ko fiye, ba su dace da ƙaramar regilatar bolt 12 ba.

Akwai na'urar da masu shago suke son haɗa wa mutum, wato kombatisa, mai ɗaga bolt 12 zuwa 220. Don cajin waya kaɗai ba ta da amfani. Za ta ɗaga wutar, caja ta sake sauke ta zuwa bolt 5, a tsakani a yi asarar kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, kuma tana shan batir ko babu abin da aka jona. Yawancin regilatocin yanzu suna zuwa da ramukan USB guda biyu. In ba su isa ba, a sayi cajar mota biyu ko uku da mazauninsu a haɗa a bakin da regilata take fitar da wuta. Kuɗin kombatisa ya fi kyau a ƙara shi a kan batir.

Haɗawa tana da tsari, ba a saɓa shi. A fara jona batir da regilata, sa'an nan pano, sa'an nan wayoyi. Wajen kwancewa kuma pano ake fara cirewa. Jar igiya a kan alamar ƙari, baƙa a kan alamar ragi. A sa fis mai amfiya 10 a jar igiya dab da batir, domin batir ko ƙarami ne, in igiyoyinsa biyu suka haɗu yana iya mai da su garwashi nan take. Igiya ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kuma kada a nisanta pano da batir fiye da ƴan mitoci, saboda ƙaramar wuta tana raguwa a doguwar igiya. Pano ya fuskanci kudu, a karkata shi kamar digiri 15, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kwanon rufi don iska ta ratsa. A kiyaye inuwa: reshen bedi ɗaya da ya rufe kusurwar pano yana iya rage wutarsa fiye da rabi. A ɗaure shi da kusoshi, saboda iskar farkon damina da kuma masu dogon hannu.

Zafi shi ne babban abokin gabar batir a wannan yanki. Batirin dalma an auna kwanansa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage kwanan da kusan rabi. Saboda haka a ajiye shi inda ake ajiye randa, wurin da ya fi ko'ina sanyi da iska a gidan. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano. In mai ruwa ne, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kada a matso da fitilar kananzir ko garwashi kusa da shi, kuma tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, ban da na rijiya ko na famfo. Ita ma waya ba a cajinta a rana, ko ƙarƙashin matashi, ko a kan katifa; batirinta ba ya son wuce digiri 45. Wanda ya kumbura har ya ɗaga murfi a daina jona shi, kada a huda shi. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura takan lulluɓe pano cikin kwana biyu ko uku, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laima da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Manyan wayoyi an fi so a caje su tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da pano yake ba da wuta, a bar batir ga tocila da bukatar dare. In ana son taimaka wa maƙwabta ko a ɗan samu na cefane, a koma ga lissafi tukuna: kowace babbar waya da aka ƙara tana neman ƙarin wat 7 zuwa 8 na pano.

Batirin da ya mutu ba a fasa shi a tsakar gida, ba a zubar da ruwansa inda awaki da kaji suke kiwo, ba a kuma bar yara su narka dalmarsa. Gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, can ta hanyar dakan dutsen zinari a cikin gidaje. A ɗauki tsohon batir yadda yake, a tsaye, murfinsa a rufe, a kai wa masu sayen tsofaffin batura ko mai shagon da zai rage kuɗinsa a kan sabo.