Darasi na 7: Labaran Yau da Kullum da Akwatin Adashenmu

Manufar darasi: bayan wannan zama, kowace mamba ta iya bambance labari da jita-jita, ta kuma san matakin da ƙungiya za ta bi kafin ta taɓa kuɗin akwati saboda wani labari.

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: rediyo ko waya, da littafin ƙungiya.

Gabatarwa

Iyayena da 'yan uwana mata, sau da yawa idan na kawo zancen labarai a zama sai wata ta ce, "Malama, ai wannan hirar maza ce a majalisa." Ni kuma sai in tambaye ta nawa take biyan ɗan acaɓa yanzu, kuma nawa take biya a da. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta koma wajen 500. Kuɗin mota ya tashi, niƙa ya tashi, kudin kai kaya kasuwa ya tashi. Mai ƙuli-ƙulin da ta ci bashin akwati sai da ta sake lissafin ribarta. Kun ga maganar da aka yi a Abuja ta iso madafinmu.

Abin da ya faru lokacin canjin kuɗi

Bari mu bi ranakun ɗaya bayan ɗaya, domin darasin yana cikinsu.

Ranar 26 ga Oktoba 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekarar. A ƙarshen Nuwamba 2023 kuma ta ce su ci gaba da aiki tare da sababbin, ba tare da an sa ranar dainawa ba.

Yanzu ga abin da ya same mu. Wata ƙungiya da nake zagayawa tana da mata 25, akwai naira 180,000 a akwatinsu, duk tsofaffin kuɗi. Ana saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika sai wani saƙon murya ya shigo wayata, wani mutum yana rantsuwa cewa bankuna sun daina karɓar tsohon kuɗi tun daga ranar. Ban san shi ba, ban tambayi kowa ba, na tura wa shugabar ƙungiya. Wannan laifina ne, kuma ina faɗa ne don kada wata ta maimaita.

Washegari wani ya zo yana sayen tsohon kuɗi, kowace dubu ɗaya a kan ɗari bakwai sababbi. Masu makulli uku suka haɗu da shugaba, suka buɗe akwati ba ranar zama ba, suka sayar. Naira 180,000 ta koma 126,000. An yi asarar 54,000, wato kowace mace ta rasa 2,160 daga guminta. Wata dattijuwa a cikinsu ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke da kika yi boko ai ke muke bi." Har yau maganar tana raina.

Wata ƙungiyar kuma magatakardarsu ba ta rabuwa da rediyo. Tun watan Nuwamba ta kawo maganar a zama. Suka yi shawara, suka ba masu neman bashi kuɗi da wuri, suka sayi masara lokacin kaka tana araha, sauran kuɗin suka tura mata biyu Funtuwa suka saka a banki. Su ma sun sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi kamar kowa, amma ko sisi ba su yi asara ba.

Abu biyu za mu lura da su. Na farko, canjin kuɗin gaskiya ne, ƙaryar da aka ɗora masa ce ta cuce mu. Na biyu, ko labarin gaskiya yana canzawa, don haka wadda ta ji na safe ta sake sauraren na yamma.

Tambayoyi huɗu kafin a yarda da labari

1. Wa ya faɗa? Akwai bambanci tsakanin "an ce" da sanarwar da gwamnan jiha ko shugaban ƙaramar hukuma ko Babban Banki ya yi da sunansa. Saƙon muryar da mai shi bai faɗi sunansa da inda yake ba, a ajiye shi gefe.

2. Yaushe abin ya faru, kuma a ina? Sau da yawa hoton gobara ko na hari na shekarun baya ne, ko na wata ƙasa, ake sake turowa a WhatsApp ko Facebook a ce na jiya ne a garin kusa.

3. Wa kuma ya faɗa? Idan babban abu ne, za a ji shi a fiye da tasha ɗaya: Rediyon Jihar Katsina, Rediyon Tarayya Kaduna, BBC Hausa, DW ko RFI. A ji daga biyu aƙalla. Idan abin na gari ne, a tambayi mai unguwa ko ma'aikaciyar asibiti ko malamin makaranta.

4. Wa zai ci riba idan muka yarda? Wanda ya ce muku kuɗinku ya mutu, sannan ya zo saye, ai kun ga inda ya dosa. Haka wanda ya ce gwamnati tana rabon tallafi, a turo kuɗin fom ko lambar BVN ko lambar sirrin kati. Lambar sirri ba a ba kowa, ko da ya ce daga banki yake kira.

Masu shekaru za su tuna watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Jama'a da yawa sun yi, wasu sun kwanta asibiti, har an rasa rayuka. Duk wanda ya kira ɗan uwansa a daren, ƙauna ce ta sa shi. Shi ya sa ko labari daga bakin masoyi ya fito sai an bincika. Malamanmu ma suna karantar da mu umarnin binciken labari a Suratul Hujurati.

Labarin tsaro daban yake

Mu mutanen Damari da sauran garuruwan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ba sai an gaya mana ba. Mun ga daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Mun ga yadda aka katse layukan waya a yankinmu a watan Satumba 2021, muka koma ga rediyo da bakin matafiya.

Idan aka ce ɓarayin daji sun doso, ba lokacin tambaya huɗu ba ne. A kwashi yara a tsira tukuna. Binciken yana zuwa wajen turawa: kada a yaɗa hoton da ba a san asalinsa ba, kada a ambaci sunan wani a ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne a kan zato, domin irin wannan magana tana iya jawo a kashe marar laifi. Sannan adadin kuɗin akwati da gidan da yake kwana, ba zancen bakin rijiya ba ne, ba kuma na gidan biki ba.

Dokokin da nake ba da shawara a rubuta a littafin ƙungiya

1. A ware minti goma a kowane zama, mata biyu su faɗi abin da suka ji a rediyo wanda ya shafi farashi, kuɗi, taki, lafiya, makaranta ko hanya. A riƙa karɓa-karɓa. Sauraren rediyo ba ya buƙatar iya karatu.

2. Ba a buɗe akwati saboda wani labari sai a gaban zama, ko da zaman gaggawa ne.

3. Duk labarin da ya ce "yau-yau, ko ku yi asara", a ba shi kwana ɗaya a yi tambaya.

4. Kada kuɗi mai yawa ya daɗe kwance a akwati. A ba da bashi, a sayi hatsi idan akwai ajiya mai aminci, ko a kai banki da sunan ƙungiya.

5. Wadda ta kawo labarin da ya zama ƙarya ta dawo ta gyara da bakinta, kuma kada a yi mata dariya.

Tattaunawa

Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya ɗauki labari ɗaya da aka ji a wannan makon, ya bi da shi ta tambayoyin nan huɗu. Sannan mu amsa tare: da mu ne ƙungiyar farko, a wane mataki ya kamata a ce mun tsaya? Wa ke da rediyo a cikinmu, kuma wa za mu kira idan muna son tabbatar da magana?

Aikin gida

Kowace mamba ta tambayi farashin tiyar masara da kwalbar man gyaɗa da kuɗin mota zuwa kasuwar da take ci. Magatakarda ta rubuta a shafin baya na littafi tare da kwanan wata. Za mu riƙa yin haka kowane wata, domin ranar da za mu yanke shawarar bashi ko sayen hatsi mu duba rubutunmu. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya zaunar da yankinmu lafiya.