Ya ce in na gaza in kawo masa 'yarsa

Anti, don Allah ki sakaya sunana.

Ni bazawara ce, ina haya a Dakata, ɗaki ɗaya, ni da 'yata mai shekara biyar. Sunan kakarta ta wajen uba ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tana goye aurenmu ya mutu. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata na ƙauye a gidan yayana, gidan kuma cike yake da iyali, don haka da na gama idda na dawo Kano neman abin yi. Allah ya taimake ni na samu aiki a wani kamfanin leda a Bompai, ɓangaren yanka da ɗauri. Da sassafe nake fita, sai dab da magariba nake shigowa gida.

Lokacin da ake makaranta abin da sauƙi. In kai ta boko da safe, in an tashi maƙwabciyata ta haɗo ta da nata yaran, su ci abinci, da la'asar su wuce Islamiyya. To yanzu an yi hutu, maƙwabciyar kuma ta tafi gidansu wankan jego. Sauran matan gidan ba mu saba ba, akwai ma wadda ta taɓa yi min habaici a kan mata masu zaman kansu, shi ya sa nake jin nauyin roƙonsu. Abin da nake yi, Allah ya yafe min, in zuba mata abinci a kula, in cika mata kofi da ruwa, in ajiye mata fo, in ja ƙofa in sa kwaɗo in tafi.

Ɗakin rufin kwano ne, babu silin, taga ɗaya ce 'yar ƙarama. Wuta kuwa sai a wuni a kwana ba a kawo ba. Shekaranjiya da na buɗe ƙofa na tarar da ita kwance a kan siminti, ta kafa fuskarta a ƙasan ƙofa inda iska ke ɗan shigowa. Leɓenta ya bushe, muryarta ta dushe don kuka, abincin ko taɓawa ba ta yi ba, ruwan ya yi ɗumi ta ƙi sha. Wuyanta da bayanta duk ƙurajen zafi. Ba ta ce min uffan ba sai da na yi mata wanka, sannan ta ce, "Umma, gobe ma za ki rufe ni?" Anti, daren nan ban runtsa ba.

Babanta ya yi wani auren, yana da shago a kasuwa, ba za a ce ba shi da hali ba. Amma in ban da kayan Sallah ba ya aiko mata da komai. Da na aika masa a kan kuɗin makaranta, sai ya turo ƙanwarsa ta ce min wai in na gaza in kawo masa 'yarsa. Tun daga nan na ja bakina na yi shiru. Yayana ma cewa yake in miƙa musu abarsu in yi aure, wai ɗa na uba ne. Kakarta ta wajen uba dai tana son ta, takan aiko a kai mata ita ta wuni, ni ce nake tsoron kada a riƙe min ita.

Albashina a haya da abinci da ruwan 'yan ga-ruwa yake ƙarewa. In na ajiye aikin me za mu ci? In na kai ƙara Hisba ko kotu, ba za su ƙwace ta su ba shi ba? Ko kuwa son zuciya nake yi da na riƙe yarinyar da ba ni da lokacinta?

Maman Ummi, Dakata

Ƙanwata, Allah ya raya Ummi, ya dafa miki.

Kafin komai, kwaɗon nan ya fita daga ƙofarki tun gobe da safe, ko da hakan zai sa ki rasa kuɗin wuni ɗaya ko biyu a wajen aiki. A watan Afrilu zafin Kano yana wuce digiri 40 a waje, rufaffen ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi waje zafi da tsakar rana. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma 'yar shekara biyar ba ta san ta tilasta wa kanta shan ruwa ba. Abin da kika tarar shekaranjiya alamun ƙarewar ruwan jiki ne, Allah ne ya kiyaye. Ban da zafin ma, gidan haya ne, wannan na girki da gas, waccan da risho, wata da gawayi. In wuta ta tashi a ɗakin kusa, mukullin yana cikin jakarki a Bompai. Na san ba mugunta ta sa ki ba, rashin yadda za ki yi ne da gudun gori. To gorin za ki iya shanye shi.

Yanzu ga abin da ke hana ki barci. Kotunan shari'a na Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma maganar riƙon yaro bayan saki a fili take a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Halil, littattafan da ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni. Uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har a yi mata aure ta tare a ɗakinta. In uwar ta rasu ko ta yi wani auren, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, watau kakar yarinya ta wajen uwa, bayan ita sai 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Karɓe yaro da ake yi da zarar an yaye shi al'adarmu ce, an daɗe ana yi har mutane suka ɗauka addini ne. Gaskiyar yayanki ɗaya, nasabar Ummi ta ubanta ce, kuma shi ne waliyyinta. Wannan ne ma ya sa cinta da suturarta da maganinta suke wuyansa gwargwadon halinsa, tana gidansa ko tana ɗakinki. Ba a ce uwa ta zaɓi ɗaya tsakanin riƙo da kuɗin ciyarwa ba. Saƙon da ya turo ƙanwarsa da shi barazana ce, kuma ta yi masa aiki tunda kin yi shiru.

Sai dai riƙon yana da sharuɗɗa, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Malamai sun ce mai riƙo ta kasance mai hankali, mai amana, mai iya kula da yaron, wurin da take ajiye shi kuma ya zama amintacce, musamman 'ya mace. Fita neman halal ba aibu ba ne. Amma ranar da wani ya tsaya gaban alƙali ya shaida cewa kina kulle yarinya ita kaɗai tun safe har magariba, kin miƙa wa babanta hujjar da ba shi da ita. Matan gidanku kuma sun sani, don sun ji kukanta. Saboda haka ki fara gyara wannan kafin ki ɗaga maganar kuɗi.

Wa zai riƙe ta? Ki daina neman alfarma, ki nemi ciniki. A kowace unguwa akwai dattijuwar da ba ta fita ko'ina, ko matar aure mai kulle da za ta so ɗan abin sabulu a ƙarshen sati. Ki je da kanki, ki faɗi abin da za ki iya biya, ki riƙa kai abincin yarinyar a kula don kada ta zama nauyi. Ki tambayi abokan aikinki mata inda suke barin nasu, don ba ke kaɗai ce mai ƙaramin yaro a kamfanin ba, kuma wadda uwarta ko yayarta ke gida a Dakata ko Kawaji ko Gama za ta iya haɗa miki hanya. Ki kuma tambayi malamin Islamiyyarsu ko suna karatun safe a lokacin hutu. Duk inda za ki bar ta, ki shiga gidan ki ga su wa ke kai da kawo a cikinsa, ki kafa sharaɗi cewa ba talla, ba aike bakin titi. Kullum da dare, kina shafa mata mai ko kina tsefe mata kai, ki sa ta ba ki labarin wuninta: wa ya ba ta alawa, wa ya kira ta ɗaki, wa ya ce kada ta faɗa. Ki saurara ba tare da tsawa ba, don yaron da ake yi wa tsawa ɓoyewa yake koya.

Maganar kakarta kuwa, ina ganin kin rufe ƙofar da ya kamata ki buɗe. Tsohuwar da ke aiko a kawo mata takwararta ba abokiyar gabarki ba ce, kuma babu wanda zai iya murɗa kunnen ɗanta kamar ita. Ki shirya ranar da ba kya aiki, ki riƙe ɗan goro ko sabulu, ki je ki gaishe ta da Ummi a hannu. Ki gaya mata halin da ake ciki ba tare da zagin ɗanta ba. In ta yarda yarinyar ta riƙa wuni a wajenta wasu ranaku, ki kai ta da safe ki ɗauko ta da yamma da kanki, kuma a yi maganar a gaban wani babba daga ɓangarenki. Wuni na ce, ban ce ki bar ta can sati da sati ba, kada a wayi gari a ce ke kika sallama. In kuma duk wannan bai yiwu ba, ki kai ta wajen mahaifiyarki ta yi sauran hutun. Ita ce mai bi miki a riƙo, babu mai cewa kin yar da haƙƙinki.

Da zarar wannan ya daidaita, sai ki nemi haƙƙin yarinyar, don nata ne, ba ki da ikon yafe shi saboda zuciya ko tsoro. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da kike kashewa a kanta, ki adana rasidin makaranta da na asibiti. A fara da manya: kawunki ko yayanki, da liman ko mai unguwa, su zauna da shi. In ya ƙi, Hukumar Hisba, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, tana zaman sulhu a kan irin wannan kusan kullum, tana kiran uba a yi yarjejeniya a rubuce. In nan ma ya bijire, sai kotun shari'a, wadda ke da ikon yanka masa adadi ta tilasta shi. Ba sai kina da kuɗin lauya ba. Hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, Legal Aid Council, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA duk suna da ofis a Kano, suna taimaka wa marasa hali. A wajen zaman kada ki yarda da "zan riƙa yin abin da ya sawwaƙa". A faɗi adadi, a faɗi rana, a riƙa turowa ta asusun banki don shaida ta zauna. Ki kuma nemi a rubuta cewa za a riƙa sake duba adadin, don tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin bara ba ya sayen kwanon bana. Shi ma ki ba shi nasa haƙƙin na ganin 'yarsa, ba tare da ja-in-ja ba.

Kafin ruwa ya sauka, ga abin da za ki kula da shi a jikinta. Ruwan sha ki tafasa ko ki sa masa WaterGuard, ki zuba a randa ko tulu a lungun da rana ba ta kaiwa, yara sun fi shan ruwa in da sanyinsa. Ki ce wa mai riƙonta ta riƙa miƙa mata ba sai ta nema ba. Fitsarinta ne ma'auni: in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai ishe ta ba. Ƙurajen zafi wanka suke so da ruwa marar zafi, da riga mai shara-shara ta auduga, a ɗaga wa basilin da mai kauri ƙafa har su mutu. In kuna kwana a tsakar gida, to cikin gidan sauro. In gudawa ta kama ta, ki haɗa mata ORS na kemis a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ta riƙa kurɓa, a kuma karɓo mata ƙwayar zinc a asibiti.

Akwai alamun da ba a tsaya wa kemis a kansu. Bazara lokacin sanƙarau ne, kuma duk wanda ya ga annobar 1996 a Kano ba ya wasa da shi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, yaro ya riƙa gudun haske ko ya riƙa sambatu, ko jiki ya yi zafi rau ga kasala har ta kasa shan ruwa: a tare A Daidaita Sahu nan take. Asibitin Sir Muhammadu Sanusi da ke Yankaba yana kusa da ku, ga kuma asibitin yara na Hasiya Bayero a cikin gari. Ki nemo katin riga-kafinta ki kai ƙaramin asibitin unguwa su duba ko an yi mata ta ƙyanda da ta sanƙarau, kyauta ake yi. Mai riƙonta ta san lambarki da ta wani a wajen aikinku, tunda ba ko yaushe waya ke hannunki ba in kina kan inji.

Aure kuwa, in mutumin kirki ya fito ki yi, da sauran ƙuruciyarki. Amma tunda kin ji cewa aurenki na iya mayar da riƙon ga mahaifiyarki, a gama maganar inda Ummi za ta zauna, da yardar babanta da ta mai neman naki, kafin a kawo sadaki. Yayanki ki lallaɓa shi, kada ki yi faɗa da shi, don shi za ki sa a gaba ranar zama da surukanki na da. Ki kai shi wajen malamin da yake ganin girmansa ya ji hukuncin riƙo da kunnensa.

Tambayar da Ummi ta yi miki kuma tana jiran amsa. Yau da dare ki zaunar da ita ki ce mata ba za ki ƙara rufe ta ba, ki faɗa mata sunan wadda za ta wuni a wajenta gobe, da lokacin da za ki zo ɗaukarta.