Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi: Kujerar Ofis da Lafiyar Ma'aikaci

Manomin Dudunni da ya fita gona da sassafe ba ya zama sai rana ta take tsaka. Ɗansa kuwa, wanda ya yi karatu ya sami aikin akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kusada ko Kankiya, yana iya shafe sa'o'i shida a bisa kujera, ya hau babur ya koma gida, ya sake zama a majalisa har bayan Isha'i. A idon jama'a ɗan ne ya huta, amma binciken masana ya nuna akwai abin dubawa a cikin wannan hutu.

Tun a shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin motocin safa masu bene na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba yana wuni a zaune, kwandasta yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Morris ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin halaka su. Irin wannan bambanci ne ke tsakanin direba da yaron mota a kan hanyar Kano zuwa Katsina.

Dalilin haka yana cikin tsoka. Manyan tsokokin cinya da sharaɓa suna daga cikin masu zuƙe sukari daga cikin jini domin su sami ƙarfin aiki. Idan mutum ya daɗe a zaune sai su yi lakwas, sukari ya jima yana yawo a jini bayan cin abinci, sinadarin da ke fasa kitsen jini kuma ya rage aiki. Haka nan sharaɓa, duk lokacin da ta motsa, takan matse jijiyoyi ta tura jini sama zuwa zuciya. Shi ya sa ƙafar wanda ya yi doguwar tafiya a mota take kumbura.

Wannan ne ya sa aka ƙera teburin da ake ɗagawa a kuma sauke, yadda ma'aikaci zai yi rubutu a zaune ko a tsaye. A 2018 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da ma'aikatan ofis 146 na asibitocin garin Lesta a Ingila. Bayan shekara guda, waɗanda aka ba irin wannan teburi tare da shawarwari sun rage zama da kimanin minti 80 a kowace ranar aiki, kuma suka ce gajiyarsu ta ragu.

Sai dai tsayuwa kaɗai ba magani ba ce. Wani nazari na 2018 ya nuna cewa tsayuwar sa'o'i shida a maimakon zama ba ta ƙona fiye da kalori 54, wanda bai kai abin da ke cikin ƙwai ɗaya ba. A 2024 kuma masana a Jami'ar Sidni ta Ostareliya, bayan nazarin mutane fiye da 83,000 a Birtaniya, suka ga cewa doguwar tsayuwa ba ta rage haɗarin ciwon zuciya, kuma idan ta wuce sa'o'i biyu a rana tana ƙara haɗarin kumburin jijiyoyin ƙafa. Ashe abin da jiki ke nema shi ne sauyi da motsi.

Ma'aikacin Kusada ba ya bukatar teburi mai tsada daga ƙasar waje. Kafinta zai iya buga masa ƙaramin akwatin katako da zai ɗora a kan teburinsa, tsawonsa ya kai daidai gwiwar hannu in ya miƙe. Yana da kyau ya tashi bayan kowane rabin sa'a ya taka na 'yan mintoci, ya kai fayil da kansa a maimakon aiken masinja, ya amsa waya a tsaye, ya tafi masallaci da ƙafa lokacin Azahar da La'asar. Wannan shawara ta shafi tela da maɗinkin hula da mai tsaron kanti, domin su ma zama ne sana'arsu. Mai ciki, da mai ciwon gwiwa ko kumburin ƙafa, ya kamata su fara tuntuɓar likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci kowane baligi da ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma rage zama. Tafiyar rabin sa'a da ɗan sauri, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin wannan adadi. Da ma Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa.